Warin Bodarin Amurka: Abin da Ke Cikinsa, Yadda Ake Kwaikwayonsa, da Yadda Ake Kashe Shi

Dabbar da mutanen Amurka ke kira sikank ba ta fi kyanwa girma ba. Baƙa ce wuluk, da farin zane biyu da suka taso daga ƙeya suka gangara har gindin wutsiya, kuma tafiyarta ta ƙasaita ce, ba gudu ba waige. Idan kare ya tare ta, ba ta fara da hari. Sai ta buga ƙafafun gaba a ƙasa, ta ɗaga wutsiya ta baje gashinta, sannan ta lanƙwashe jiki har fuskarta da bayanta su fuskanci abokin gaba lokaci guda. Wanda ya gane gargaɗin ya ja da baya, ya tsira. Wanda ya matso, sai ta fesa masa wani mai ruwan ɗorawa daga 'yan jakunkuna biyu da ke gefen duburarta, kuma tana iya saitin ido daga nisan mita uku.

Bahaushe ya san mai irin wannan hali, wato bodari. Kamanninsu ɗaya, makaminsu iri ɗaya, shi ya sa za mu kira sikank bodarin Amurka. Amma kama da wane ba ta wane. Bodarinmu na Afirka ɗan wani dangi ne daban, kuma tun 1997 masana suka ware sikank suka ba shi danginsa na kansa mai suna Mephitidae. Bambancin ya kai har cikin warin. Dangin bodarinmu sun fi amfani da sinadaran da kibiritu ke zaune cikin ɗan zobe na atom huɗu ko biyar, shi kuwa na Amurka ya dogara ga wani rukuni da ake kira tayol. Bayanin da ke tafe na mai zanen nan ne, Mephitis mephitis, wanda ya bazu daga kudancin Kanada har arewacin Meziko.

Abin da ke cikin jakunkunan bai wuce cokalin cin abinci ɗaya ba, kamar mililita 15, wanda zai ishi feshi biyar ko shida. In ya ƙare, sai dabbar ta yi kusan kwana goma kafin ya sake cika. Wannan ne dalilin doguwar barazanar da take yi kafin ta fesa: kayan yana da tsada a wurinta.

Atom biyu da suka haddasa komai

Duk labarin yana rataye ne a kan atom biyu, kibiritu ɗaya, wato farar wuta, riƙe da haidurojin ɗaya, a maƙale a ƙarshen sarƙar kabon. Duk sinadarin da ke da wannan wutsiya shi ne tayol. A ɗauki barasar da ake goge rauni da ita a asibiti, etanol: kabon biyu ne da wutsiyar oksijin da haidurojin. A cire oksijin ɗin a sa kibiritu a gurbinsa, sai a samu etan-tayol. Atom ɗaya kacal aka canza, amma abu ya koma wani abu. Etanol sai ya kai digiri 78 yake tafasa, etan-tayol kuwa a digiri 35, wato zafin ranar Kano a watan Afrilu ya isa ya tafasa shi. Dalili shi ne ƙwayoyin barasa suna riƙe juna da ƙarfi ta wajen oksijin, su kuma na tayol riƙonsu sako-sako ne. Saboda haka tayol saurin tashi yake cikin iska, kuma ba ya son haɗuwa da ruwa, ya fi son mai, fata, gashi da roba. Wanda ya riƙe waɗannan halaye biyu ya riga ya gane me ya sa warin ke cika unguwa, kuma me ya sa wanka da ruwa zalla ba ya fitar da shi.

Hali na uku shi ne son ƙarfe. Tsohon sunan tayol shi ne makaftan, wanda masanin Danmak William Zeise ya raɗa masa a shekarun 1830 daga kalmomin Latin masu nufin mai kama zaiba, don ya ga yadda yake damƙe zaiba ya ƙi saki. Haka yake yi wa jan ƙarfe, azurfa da dalma. Abin sha'awa, da wannan halin ne hancinmu ke kama shi. Binciken da Eric Block na jami'ar Albany da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 a kan ɓeraye, da na 2016 a kan ɗan Adam, ya nuna cewa wasu daga cikin na'urorin jin wari da ke cikin hanci suna aiki ne da ɗan ƙwayar jan ƙarfe, wanda tayol ke mannewa a jikinsa. Shi ya sa ɗan mitsitsi ke isa.

Mitsitsin nan ya cancanci a yi masa lissafi. Mutum yana jin warin bodarin Amurka a kashi 10 cikin biliyan ɗaya na iska, wasu ma ƙasa da haka. A ɗauki ɗaki mai faɗin mita huɗu, tsawon mita huɗu, tsayin mita uku. Iskar cikinsa lita 48,000 ce. Don a kai ta wannan ma'aunin, abin da ake bukata bai cika miligiram 2 ba. Ɗigo ɗaya na ruwan tayol ya kai miligiram 30 zuwa 40. Ke nan ɗigo guda ya ishi ɗakuna kusan ashirin.

An daɗe ana kuskure a kan ainihin tayol ɗin da ke ciki. A 1896 Thomas Aldrich, a jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimo, ya tace ruwan ta hanyar tafasawa da tara tururi, ya ga babban kashinsa yana tafasa a wajen digiri 100, ya ce wani nau'in butil-makaftan ne. Hasashen ba na banza ba ne, domin 1-butan-tayol a digiri 98 yake tafasa. Littattafai suka ɗauka suka yi ta kwafar juna har kusan shekara tamanin. Sai a 1975 Kenneth Andersen da David Bernstein na jami'ar New Hampshire suka nuna cewa ba shi ne a ciki ba. Manyan biyun su ne 2-butin-1-tayol, mai kabon huɗu da ɗauri biyu tsakanin kabon na biyu da na uku, da 3-metil-1-butan-tayol, mai kabon biyar da ɗan reshe. A 1990 William Wood na jami'ar Humboldt a Kalifoniya ya sake awon da na'urar da ke rarrabe tururi tana auna nauyin kowace ƙwaya, ya fito da cikakken jerin abubuwa bakwai.

Rabon, a taƙaice, haka yake. 2-butin-1-tayol ya ɗauki kusan kashi 40 cikin ɗari, shi ne mai kaifin nan da ke sukar hanci kamar ƙonanniyar roba da tafarnuwa. 3-metil-1-butan-tayol ya ɗauki tsakanin kashi 18 zuwa 26. Akwai tayol na uku mai nauyi, wanda wutsiyar kibiritun ke rataye a jikin zobe biyu na kwinolin, da kuma 2-metil-kwinolin, wanda ba shi da kibiritu amma yana ba da wani gafi mai nauyi da ke zama a ƙasan warin. Sauran ukun su ne sirrin al'amarin, kuma a kansu ya kamata a tsaya.

Sunansu tayo'asitet. Kowane ɗaya daga cikin tayol ukun nan yana da ɗan'uwa wanda aka toshe masa wutsiya da guntun asid ɗin binega. Muddin toshiyar na nan, warinsa kaɗan ne, kuma ba ya saurin tashi, sai ya lafe cikin gashi ko zare. Amma da ruwa ya taɓa shi, a hankali sai toshiyar ta ɓalle, tayol ya fito sabo fil. Jimillarsu ta kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan, mafi yawa na 2-butin ne. Wannan ne ya sa masu karnuka a Amurka ke kukan cewa sun wanke kare ya yi fes, bayan mako biyu ruwan sama ya jiƙa shi, wari ya dawo kamar jiya aka fesa. Ba sabon feshi ba ne, ajiya ce ta buɗe. Ƙaramin sikank mai ɗige-ɗige, Spilogale, wanda ke tsayawa a kan ƙafafun gaba yana ɗaga baya sama kafin ya fesa, ba shi da tayo'asitet a ruwansa, don haka nasa yana da kaifi amma ba shi da wannan naci.

Yadda ake kwaikwayo

Masu bukatar warin nan suna da yawa fiye da yadda ake zato. Masu ɗana tarko a Amurka da Kanada suna sa shi cikin koto don ya jawo dangin dila da yanyawa na can daga nesa a lokacin sanyi. Mafarauta suna ɓoye warin jikinsu da shi. Masu ƙera maganin wari suna bukatarsa don gwada kayansu. Hanya mafi tsufa ita ce a zuƙo shi da sirinji daga jakunkunan dabbar da aka kama, a zuba cikin kwalbar gilashi. Har yau ana sayar da irinsa.

Na haɗi kuwa, aikin ba na girki ba ne, na tsarmawa ne. Ba a dafa tayol a gida, kuma masu aikin da gaske ma ba sa yi, sayensa suke daga kamfanonin sinadarai da na kayan ɗanɗano. 3-metil-1-butan-tayol yana samuwa cikin sauƙi don masu haɗa ɗanɗanon abinci suna amfani da ɗan kaɗan daga cikinsa. 2-metil-kwinolin ma haka. Mai wuyar shi ne 2-butin-1-tayol, domin ɗauri biyun da ke jikinsa na sa shi saurin lalacewa. Shi ya sa kayan kasuwa da yawa ke maye gurbinsa da 1-butan-tayol, wato suna haɗa warin bisa kuskuren 1896. Hancin da ya san na gaske yana ganewa: na jabun ya fi karkata ga warin iskar gas da ruɓaɓɓen kabeji, babu wannan ƙauri na roba. Wanda ya fi kusa shi ne 3-metil-2-butin-1-tayol, wanda ƙarin kabon ɗaya ne kawai ya raba shi da na ainihi.

Ana bin rabon da dabbar ta tsara ne: kashi huɗu na tayol mai ɗauri biyu, kashi biyu na mai reshe, kashi ɗaya da rabi zuwa biyu na tayo'asitet, sai kamar kashi ɗaya na kwinolin. Amma ba a haɗa su tsantsa. Kowane ɗaya ana fara tsarma shi shi kaɗai cikin wani mai mara wari, kamar farin man farafin na kemis ko tirayasitin, kuma da sikeli ake auna, ba da ƙirgen ɗigo ba. Giram 1 cikin giram 99 ya ba da kashi ɗaya cikin ɗari. A ɗebi giram 1 daga wannan a zuba cikin sabon giram 99, an samu kashi ɗaya cikin dubu goma. A sake maimaitawa, an samu kashi ɗaya cikin miliyan. Da na biyu da na uku ake aikin shaƙa. Ana tsoma bakin siririyar takarda, a bar ta ta sha iska minti ɗaya, a kusanto da ita daga nesa, a rubuta abin da aka ji, sannan a sake dubawa bayan awa ɗaya, da kuma washegari bayan an ɗan yayyafa mata ruwa. Gwajin washegarin nan ne ke raba haɗin kirki da na banza. In takardar ta mutu murus, babu isasshen tayo'asitet. Haɗin da ba shi da shi yana iya yaudarar hanci na minti goma, amma ba warin bodari ba ne, rabinsa ne.

Abubuwan da ke ɓata aikin sanannu ne, kuma duk daga halayen nan uku suke fitowa. Iskar da ta saura a saman kwalba tana haɗa ƙwayoyin tayol bibbiyu su koma daisalfaid, sai kaifin ya tafi, warin ya koma na dafaffiyar albasa. Don haka ake amfani da ƙaramar kwalba a cika ta, ko a kore iskar da naiturojin. Cokalin ƙarfe, musamman mai jan ƙarfe ko tagulla, yana hanzarta wannan lalacewar, sai a yi aiki da gilashi. Murfin roba yana shanye tayol ya fitar da shi ta baya, shi ya sa ake neman murfi mai shimfiɗar Teflon, a sa kwalbar cikin wata kwalbar da aka zuba gawayin tacewa. Danshi a cikin man tsarmawa yana ɓalle tayo'asitet tun kafin a bukace shi. Haske da zafi suna ƙara wa komai gudu, sai kwalba mai ruwan ƙasa da firij na musamman, ba na abinci ba, domin man shanu da madara suna shan warin nan take.

Babban maƙiyin mai haɗi shi ne hancinsa. Bayan 'yan mintuna cikin warin, hanci yakan gaji ya daina kai rahoto, sai mutum ya ɗauka haɗin ya yi rauni ya ƙara zubawa. Ƙa'idar ita ce a yarda da sikeli, a fita a sha iska, a bar wanda bai shiga ɗakin ba ya yi hukunci.

Duk wannan a cikin akwatin zuƙe iska na ɗakin gwaji ake yi, da safar hannu da tabarau, da bahon ruwan bilic mai yawa a gefe wanda za a tsoma duk abin da ya taɓa tayol kafin a fito da shi. Tsantsar tayol ɗin nan tana kama wuta cikin sauƙi, ta fi kananzir nesa. Yawanta a iska yana jawo ciwon kai, tashin zuciya da amai, kuma hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa iyakar butil-makaftan a wurin aiki a rabin kashi cikin miliyan. Akwai kuma wata illa da ba a cika tunawa ba. Tun da irin wannan warin ne alamar yoyon gas, sakinsa a cikin jama'a yana tayar da hankalin gari. A Janairun 2013 makaftan ya tsiyaye daga wata masana'anta a birnin Rouen na Faransa, iska ta kai warin har Faris da kudancin Ingila, layukan kiran gaggawa suka cika da mutanen da ke zaton gas ne ke yoyo a gidajensu.

Gargaɗi guda ya zama dole a nan. Akwai haɗe-haɗen wari da ake yaɗawa na wasa, waɗanda ke fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan ba tayol ba ne, haidurojin salfaid ne, iskar da ke kashe masu shiga ramin masai da tsohuwar rijiya. A wajen kashi 100 cikin miliyan tana kashe jin wari gaba ɗaya, mutum ya ɗauka ta tafi alhali ƙaruwa take yi. Ba ta kama da warin bodari, kuma ba abin gwadawa ba ce.

Akwai hanyar da malaman kimiyya ke nuna wa ɗalibai warin ba tare da sun sayi ko ɗigon tayol ba, kuma rana ce ke yin aikin. Masu yin giya a Turai sun san tun ƙarni na 19 cewa in rana ta bugi kwalba, abin ciki yakan yi wani wari, wanda Amurkawa suka raɗa wa sunan dabbar nan. Barasar ba ta da hannu a ciki, mara barasa ma yana yi. Abubuwa uku ne ke haɗuwa: sinadarin ɗaci da ke fitowa daga furen hof, wani tsiro da ake sa wa giya don ɗanɗano, bitamin B2 da ke cikin hatsin da yis, da ɗan kibiritun da ke cikin furotin. Bitamin ɗin ya kama haske mai launin shuɗi, ya yi amfani da ƙarfinsa ya gutsuro guntu mai kabon biyar daga sinadarin ɗacin, guntun ya cafki kibiritu, sai ga 3-metil-2-butin-1-tayol. Malcolm Forbes na jami'ar North Carolina da Denis De Keukeleire na jami'ar Gent a Beljiyam sun bi diddigin matakan a 2001. Gwajin kansa mai sauƙi ne: a zuba abin sha mai hof cikin kofunan gilashi biyu, a naɗe ɗaya da takardar alminiyam, a ajiye su a rana minti goma zuwa ashirin, a shinshina. Abin da ya samu bai wuce 'yan nanogiram a lita ba (nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram), amma hanci ba ya kuskure shi. In gwajin ya ƙi, sau da yawa kamfanin ya yi amfani da ruwan hof da aka sarrafa don ya jure haske, irin wanda ake sa wa a fararen kwalabe. Kwalba mai ruwan ƙasa tana tare mafi yawan hasken, koriya kaɗan take tarewa. Wannan tayol ɗin dai shi ne aka tabbatar a 2021 cewa yana ba wasu nau'o'in wiwi warinsu, kuma akwai ɗan ɓurɓushinsa a cikin ƙamshin gasasshen kofi.

Mafi yawan kwaikwayon da ake yi a duniya kuwa yana cikin kicin ɗinmu. Gas ɗin girki ba shi da wari. Warin da uwargida ke ji idan tiyo ya tsage ko kan tukunya ya saki, zuba shi aka yi da gangan, etan-tayol ne, kamar kashi 25 cikin miliyan bisa nauyi a ma'aunin Amurka. Dokar zuba wa gas wari ta samo ƙarfi ne bayan 18 ga Maris 1937, lokacin da gas mara wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a New London ta jihar Tekzas ya fashe, ya kashe kusan mutum 300, yawancinsu yara. A wasu ramukan haƙar ma'adinai na ƙarƙashin ƙasa ma da shi ake shelar gobara: a sake shi cikin bututun iska, duk wanda ya ji ya san fita ake.

Yadda ake kashe shi

Wanda ya fahimci wutsiyar kibiritu da haidurojin ya san maganin: a lodawa kibiritun oksijin har ya daina zama tayol. In aka ba shi kaɗan, daisalfaid ake samu, mai sauran wari, wanda kuma zai iya komawa gidan jiya. In aka ba shi isasshe, atom uku na oksijin su hau kan kibiritun, ya koma asid ɗin salfonik, mara wari, mai narkewa cikin ruwa, wanda ɗauraya ke tafiya da shi.

Paul Krebaum, masanin sinadarai a jihar Ilinoi, shi ya fitar da haɗin da aka wallafa a mujallar ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka a 1993, kuma har yau shi ne abin dogaro. Lita ɗaya ta haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, rubu'in kofi na bekin soda, wato kamar giram 55 zuwa 60, da ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke. A haɗa a buɗaɗɗen bokitin roba, a shafa nan take yana kumfa, a cuɗa har ya kai fata, a bar shi minti biyar, a ɗauraye da ruwa mai yawa. A kiyaye ido, baki da cikin kunne. In da sauran wari a sake sabon haɗi.

Kowane ɗaya da aikinsa. Sabulu ne ke farfasa man don ruwan ya kai ga tayol. Sodar tana ɗaga ruwan zuwa ɓangaren kanwa kaɗan, wanda ke sa tayol ya saki haidurojin ɗinsa ya zama mai saurin karɓar oksijin, kuma tana haɗuwa da feroksaid su ba da wani sinadari da ya fi feroksaid ɗin kansa kuzari. Wannan yanayin ne kuma ke hanzarta ɓallewar tayo'asitet, ajiyar ta buɗe a gaban abin da zai kashe ta, maimakon ta jira ruwan sama.

Kurakuran da ake yi kaɗan ne amma ana yawan maimaita su. Na farko, jiƙa dabbar da ruwa kafin a shafa, wanda ke baza man ya kuma tsarma maganin. A fara tsane man da tsumma ko takarda a busasshe. Na biyu, tsohon feroksaid. Kwalbar da aka buɗe ta daɗe ta riga ta koma ruwa. A ɗiga kaɗan a kan yankakken ɗanyen dankali ko ɗan yis, in bai yi kumfa ba a nemi sabo. Na uku, ƙarfin da ba daidai ba. In an rubuta 10 bolum a jikin kwalba, shi ne kashi 3. In 20 bolum ne, kashi 6 ke nan, sai a raba shi da ruwa daidai wa daida. Na masu gyaran gashi mai 30 ko 40 yana ƙona fata. Na huɗu, bekin hoda a madadin bekin soda: hodar tana da asid a cikinta, wanda ke rushe abin da ake nema. Na biyar shi ne mai haɗari, ɗura haɗin a kwalba a rufe don gobe. Ma'anar 10 bolum ita ce lita ɗaya tana fitar da lita goma ta oksijin, kuma soda tana gaggauta fitowar, kwalbar fashewa za ta yi. Wannan ne ya sa ba a sayar da shi a haɗe. Abin da ya rage a tsarma shi da ruwa a zubar. A kuma sani baƙin gashi yana iya yin ja-ja, tufafi masu launi suna iya koɗewa.

Ga daɓe, bango da katako, ruwan bilic irin su Jik ko Hypo, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, yana yin aiki iri ɗaya, amma ba a sa wa dabba ko mutum, kuma ba a haɗa shi da feroksaid, binega ko amoniya. Ruwan tumatir da Amurkawa suka daɗe suna wanka da shi ba ya taɓa tayol ko kaɗan. Hanci ne ya gaji da warin bodari, ya kama na tumatir da yake sabo, mai wankan ya ɗauka an gama, har sai baƙo ya shigo.

Feshin da ya shiga ido yana jawo raɗaɗi da hawaye da rufewar gani na ɗan lokaci, maganinsa wankewa da ruwa mai tsabta na minti goma sha biyar. Karen da aka fesa wa da yawa a fuska, ko a cikin rami inda ya shaƙa ya haɗiya, yana bukatar sa ido na kwana biyu zuwa uku, domin tayol yana iya lalata jajayen ƙwayoyin jini, kamar yadda albasa da tafarnuwa ke yi wa karnuka. In dasashinsa ya yi fari ko ruwan ƙasa, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko ya kwanta ya ƙi tashi, a garzaya da shi wurin likitan dabbobi.